Waya a Hannu, Biro a Aljihu: Yadda Ake Amfani da Waya a Ƙasar Waje da Yadda Ake Sayen Makon Masauki

Abu biyu na ga suna cinye kuɗin matafiyi ba tare da ya ji ƙarar fitarsu ba. Na farko wayar da ke aljihunsa, wadda takan fara shan data tun jirgi bai gama tsayawa ba. Na biyu takardar da wani saurayi mai ƙamshin turare zai turo masa a falon otal, ya ce sa hannu nan, Alhaji, daga yau kana da ɗaki a Dubai ko a gaban Harami mako guda duk shekara. Halinsu ɗaya ne. Kuɗin da aka faɗa maka da baki kaɗan ne, mai nauyin yana biyowa a baya. Zan bi su yadda suke zuwar wa mai tafiya, wato waya tukuna, don tun daga gida ake shirya ta, kuma da ita za ka kare kanka ranar da aka zaunar da kai a teburin ciniki.

Mataki na 1: shirin waya tun kana gida

Ka ware yamma guda, kamar mako ɗaya kafin tafiya. Fara da danna *#06#. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka rubuta ta a takarda ka ajiye tare da fasfo, domin in an sace wayar ita 'yan sanda da kamfanin layi za su tambaya. In ka ga wata doguwar lamba mai suna EID ta fito tare da ita, wayarka tana karɓar eSIM, wato layin da ake sauke shi ta intanet ba tare da an sa kati ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai ka tabbatar wayar ba a ɗaure take ba. Wannan ya fi shafar masu riƙe da iPhone 'yan London yus, musamman irin waɗanda mai shago ya sa musu ɗan siririn cip a ƙarƙashin layi don su yi aiki a nan. Irin wannan waya takan yi lafiya lau a Kano ko Maraɗi, amma ranar da ka cire layin gida ka sa na Jidda sai ta ce ba ta san zancen ba. Gwada ta da layin wani kamfani tun kana gida. In ta yi gardama, tafi da wata.

Ƙananan wayoyi masu madannai ma suna da nasu. A Saudiyya da yawancin ƙasashen Afirka babu matsala sosai, amma Japan da Koriya ta Kudu ba su da tsarin 2G da waɗannan wayoyi ke hawa, kuma manyan kamfanonin Amurka irin AT&T da Verizon sun rufe 3G tun 2022.

Daga nan kira kamfanin layinka. A Najeriya lambar masu kula da abokan hulɗa 300 ce a duk layuka tun da aka daidaita lambobin a 2023. Ka ce su buɗe maka romin, wato damar amfani da layin gida a ƙasar waje, sannan ka yi tambaya uku game da ƙasar da za ka: nawa ne minti in ni na kira, nawa ne minti in an kira ni, nawa ne megabait ɗaya. Tambaya ta biyun ce ke ba mutane mamaki. A gida wanda ya kira shi ke biya. A waje, in kana kan layin gida, amsa kira ma kuɗi ne, kuma 'yan uwa masu kiran "ya hanya, an sauka lafiya?" ba su san suna ƙone maka kati ba. Karɓar saƙon tes kuwa yawanci kyauta ne, kuma wannan shi ne ainihin dalilin tafiya da layin gida: lambar sirrin da banki ke turowa kafin kuɗi su fita ta nan take shigowa. Wanda ya bar layinsa a durowa a gida ya bar makullin asusunsa.

Danna ##002# don kashe duk wani tura kira da saƙon murya, saboda kiran da ya bi ka har waje sannan ya koma akwatin saƙo yana iya jawo caji. Ka sa wa layin lambar PIN. Ka shiga WhatsApp ka kunna tabbaci mai mataki biyu. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da tikiti da katin rigakafi ka tura wa kanka ta imel. Kana kan wayifai na gida, sauke taswirar garin da za ka a Google Maps yadda za ta yi aiki ba data, in kuma Umara ce ka sauke manhajar Nusuk ka yi rajista tun a nan, domin ta ciki ake neman izinin shiga Rauda. In tafiyar ta watanni ce, tambayi kamfanin yadda za ka riƙe lambarka, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana rufe shi, daga baya a sayar wa wani.

Maganar caja gajeriya ce. Soket mai ƙafa uku masu kusurwa da ake amfani da shi a Najeriya shi ne a Ingila da Dubai da yawancin sababbin gine-ginen Saudiyya. Mutumin Nijar mai ƙafa biyu masu zagaye zai ji daɗi a Faransa da Turkiyya da Masar. Amurka nata daban ne, wutarsu kuma 120 ce, amma in ka duba jikin cajarka za ka ga an rubuta 100 zuwa 240, don haka kan soket kawai za ka saya. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a auna ba.

Mataki na 2: zaɓi hanyar da za ka samu data

Hanya uku ce. Romin a kan layin gida ya fi sauƙi kuma ya fi tsada, sai dai in ka sayi ƙunshin da kamfanin ya tsara wa ƙasar, kamar waɗanda ake fitarwa lokacin aikin Hajji. Na kwana biyu ko uku wannan ya isa. Layin ƙasar da ka je shi ne mafi araha ga mai mako biyu zuwa sama, kuma yana ba ka lambar da direba da mai otal za su kira. A Saudiyya akwai STC da Mobily da Zain, kuma da fasfo da ɗan yatsa ake rajista. A Dubai akwai du da e&, wanda aka fi sani da Etisalat. A Masar akwai Vodafone da Orange da WE. Ka saya a shagon kamfanin, ko da na filin jirgi ne mai ɗan tsada. Kada ka karɓi layin da wani ke sayarwa a bakin titi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan da ba ka sani ba, don ba ka san abin da aka aikata da shi ba, kuma ana iya rufe shi gobe da kuɗinka a ciki.

Ta uku ita ce eSIM daga kamfanoni irin Airalo ko Holafly. Kana biya da kati tun kana gida, ka sauke, ka kunna in ka sauka. Yawancinsu data kawai suke bayarwa, ba lambar kira. Ni dai ga tafiyar da ba ta wuce kwana goma ba wannan nake so, don ba bin layi a filin jirgi da gajiya a jiki.

Ko wacce ka zaɓa, tsarin ɗaya ne: layin gida ya zauna a kunne don saƙon banki amma a kashe masa romin na data, sabon layin kuma shi ke ɗaukar intanet. Ka shiga saitin wayar ka tabbatar da haka da idonka, sannan ka kashe wurin da waya ke sauya layin data da kanta. WhatsApp ɗinka ba zai canja lamba ba don ka sa sabon layi. In ya tambaye ka ko kana son canjawa, ce a'a.

Wanda zai zaga Turai ya sani cewa tun 15 ga Yuni 2017 layin da aka saya a wata ƙasar Tarayyar Turai yana aiki a sauran da farashin gida. Layin Faransa zai yi maka a Jamus da Italiya da Sifen. Ingila ta fita daga wannan tsari, Suwizalan da Turkiyya kuma dama ba sa ciki.

Mataki na 3: bayan an sauka

Kafin ka cire waya daga yanayin jirgi, duba cewa romin na data a kashe yake. Kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, don zauren 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai kaɗai sun isa su cinye gigabait kafin ka kai masauki. Sabunta manhajoji da adana hotuna a bari sai a wayifai.

Kowace ƙasa da halinta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiransa ba ya shiga, mutane kan koma manhajar kira ta Botim, don haka ka sa mutanen gida su sauke shi kafin ka tashi. A China Google da WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a layin ƙasar ko wayifai ɗinta, shi ya sa 'yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou ke rayuwa a kan WeChat, ko da yake layin waje mai romin yakan wuce wannan shinge. A Turkiyya wayar da aka shigo da ita daga waje in ta yi kwana 120 da layin ƙasar ba a yi mata rajista ba, ana toshe ta. Ɗalibai da masu jinya mai tsawo su lura. A jirgin ruwa da wasu jiragen sama akwai hanyar sadarwa ta tauraron ɗan'adam da waya ke kamawa da kanta, kuma ba ta cikin kowane ƙunshi. Nan sai yanayin jirgi.

Lambar gaggawa 112 ce a Turai, 911 a Amurka da yankin Makka, 999 a Ingila da Dubai. Harkar banki kuma a yi ta a kan data, kada a yi a wayifai ɗin filin jirgi ko na gidan abinci.

Mataki na 4: gane abin da ake tallata maka

Yanzu ka huta, ka fita yawo, sai ga wata a ƙofar babban kanti da murmushi ta miƙo maka kati ka kankare. Ka ci kyauta! Kowa yana ci. Sharaɗin karɓa shi ne ka zo da maiɗakinka ku saurari bayani na minti casa'in, kuma ka ba da lambar waya. Na taɓa zama irin wannan zama. Minti casa'in ɗin ya zama awa uku da rabi, mutum uku suka yi karɓa-karɓa a kaina, kowanne farashinsa ya fi na wanda ya gabace shi sauƙi, kuma na ukun ya rantse cewa in na fita ƙofar nan farashin ya tafi har abada. Bayan kwana biyu aka kira ni da wanda ya fi shi sauƙi.

Abin da suke sayarwa shi ne abin da Turawa ke kira timeshare, Larabawa kuma musharaka bil waƙti. Mu kira shi sayen mako. Ɗaki ɗaya a wurin shaƙatawa ake raba shekararsa gida hamsin da wani abu, kowa ya sayi mako. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Hapimag ya fara irinsa a Suwizalan a 1963, daga baya Amurkawa suka mai da shi babbar sana'a. Har a Makka an yi: a 2003 kamfanin Munshaat na Kuwait ya fitar da takardun sukukul intifa'i na hasumiyar Zamzam, ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen Abraj al-Bait da ke fuskantar Harami, na tsawon shekara 24. Filin waƙafi ne, saboda haka wanda ya saya amfanin ɗakin ya saya na wasu kwanaki, ba ginin ba.

Wannan bambanci shi ne tambayarka ta farko. Ko dai mallaka ce mai takardar shaida, wadda ba ta ƙarewa, ko kuma haƙƙin amfani ne na shekaru sanannu. Mai sayarwa zai yaba maka ta farkon, ya ce har jikoki. Ka yi tunani da kyau a nan, domin abin da jikokin za su gada ya haɗa da kuɗin shekara-shekara da ba ya tsayawa. Na fi natsuwa da mai wa'adi, wanda na san ranar da zan rabu da shi. A Sifen dokar 1998 ta ƙayyade wa'adin kada ya wuce shekara 50, kuma a 2015 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa kwangilar da aka yi ba iyaka bayan dokar ɓatacciya ce.

Tambaya ta biyu: wane mako? Akwai tsayayye, misali mako na 32 duk shekara a ɗaki kaza. Akwai mai yawo, inda aka ba ka zango kai kuma ka yi rigegeniya da sauran masu shi wajen kama rana. Akwai kuma na maki, wanda ya fi yawa yanzu, inda kake sayen maki ka kashe su a masaukan kamfanin. Na makin yana da daɗin ji, amma ka tambaya wa ke da ikon canja adadin makin da dare ɗaya ke ci. In kamfanin ne, to makin da ya ba ka kwana bakwai bana yana iya ba ka biyar nan gaba.

Ga wata da ta shafi Musulmi musamman. Azumi da Salla suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara a kalandar Miladiyya. Wanda ya sayi tsayayyen mako don ya dace da goman ƙarshe na Ramadan bana, baɗi makon zai faɗo bayan Salla. In don ibada kake saye, sai an rubuta a kwangila cewa da kalandar Hijira ake lissafi, da sunan watan da kwanakin.

Mataki na 5: lissafi, da biro da takarda

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. A Amurka, inda kasuwar ta fi girma, matsakaicin farashin saye daga hannun kamfani ya haura dala 20,000, kuɗin kula da gini kuma ya haura dala 1,000 a shekara. Kuɗin kulawar nan wajibi ne ko ka je ko ba ka je ba, kuma hawa yake yi. Bayan shi akwai kuɗin gaggawa da ake raba wa masu mako in rufi ya lalace ko guguwa ta yi ɓarna.

Mu yi misali. Ka saya dala 20,000 na shekara 20, wato dala 1,000 ke nan kowace shekara. Kuɗin kulawa 1,200. Jimla 2,200 na dare bakwai, kusan dala 314 kowane dare. Yanzu fito da wayarka, ga amfanin datar da ka shirya, ka duba nawa ake kama ɗaki irin wannan a wannan wurin a wannan makon a Booking ko a shafin otal ɗin kansa. Sau da yawa za ka tarar bai kai haka ba, kuma mai kama otal in bai samu zuwa ba bai yi asarar komai ba. Lissafin ma mun yi masa sassauci, don in kuɗin kulawa na ƙaruwa da biyar cikin ɗari duk shekara, cikin shekara 15 ya ninka.

Sai kuma abin da mai sayarwa ba zai taɓa kawo maka ba, wato canjin kuɗi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Dala 1,200 ɗin nan da take naira 552,000 ta koma miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ba tare da masaukin ya ƙara ko sisi ba. Mai samun kuɗinsa da sefa yana da ɗan sauƙi in kwangilar da yuro take, tun da sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma in da dala ce ko riyal ko dirhami shi ma yana cikin ruwa. Ƙa'idata ita ce: in ba da kuɗin da za a riƙa cajinka kake samun abincinka ba, ka ninka lissafin sau biyu ka ga ko har yanzu za ka iya.

Ka ƙara kuɗin jirgi na iyali duk shekara. Ka ƙara biza, kuma ka sani mallakar mako a Orlando ta Amurka ko Tenerife ta Sifen ba ta wajabta wa ofishin jakadanci ya ba ka izinin shiga. An hana ka biza, kuɗin kulawa na nan yana jiranka. In suka ce za su ba ka bashi ka biya a hankali, kuɗin ruwansu sau da yawa yakan haura 12 cikin ɗari, ga kuma hukuncin riba da ka riga ka sani. Kwangilar da ba ta fayyace ɗaki da rana ba ma abin kai wa malami ce ya duba, don jahiltar abin da aka saya aibi ne a ciniki.

Za su ce ai kana iya musayar makonka da wani a ko'ina a duniya ta hanyar kamfanin musaya na RCI, wanda aka kafa a 1974, ko Interval International na 1976. Gaskiya ne, amma akwai kuɗin zama mamba da kuɗin kowace musaya, kuma mako mara farin jini ba ya karɓo mai farin jini. Wanda ya sayi Agusta a wurin da zafi ke korar mutane kada ya sa ran Disamba a bakin teku.

To wa abin ya dace da shi? Mai iyali da yawa da ke buƙatar ɗakuna biyu da kicin, wanda dama yana zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya shekara da shekaru, mai bizar da ba ta ba shi wahala, mai iya tsara hutunsa wata goma kafin lokaci, kuma mai biya lakadan. Irin wannan mutum yakan ji daɗinsa ƙwarai. Wanda aka ce masa jari ne da zai yi daraja kamar fili a Abuja kuwa, an yi masa sakiyar da ba ruwa. Darajarsa faɗuwa take yi daga ranar da aka sa hannu.

Mataki na 6: in har za ka saya, sayi na hannu

Da yake masu son rabuwa da makonsu sun fi masu nema yawa, kasuwar na hannu cike take. A shafuka irin RedWeek da eBay za ka ga makon da aka saya dubban daloli ana neman kai da shi a kan kaɗan daga kuɗinsa, wani ma dala ɗaya, don mai shi ya huta da kuɗin shekara. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka gaskiyar maganar jari.

Kafin ka saya, yi hayar mako daga hannun wani mai shi a wannan masaukin, ka kwana, ka ga ruwa da lifta da tsabta, ka zanta da waɗanda suka daɗe a ciki ka ji sau nawa aka ƙara musu kuɗi. In ya kwanta maka, nemi takarda daga masaukin kansa, ba daga mai sayarwa ba, mai nuna sunan mai shi, irin makon, kuɗin shekara, da ko akwai bashi a kansa, don bashin yakan bi makon zuwa hannunka. Nemi kuɗin kulawa na shekara biyar da suka wuce. Kuɗinka kuma kada su tafi kai tsaye asusun mutum. A bi ta kamfanin riƙon amana mai lasisi, wanda ke riƙe kuɗi har sai an juya suna. Wasu manyan kamfanoni irin Disney da Marriott suna da haƙƙin karɓe cinikin a farashin da kuka daidaita, kusan kamar shufa'a a fiƙihu, kuma sukan rage wa mai sayen na hannu wasu gata. Tambayi wanne da wanne.

A Dubai doka mai lamba 14 ta 2020 ta wajabta wa masu wannan sana'a lasisi daga hukumar yawon buɗe ido. Ko a ina ne, nemi lambar lasisi ka duba ta a shafin hukumar da wayarka, kana zaune a gabansu. Ginin da ba a gama ba, wanda sai a hoto da zane, bar shi sai an gama.

Mataki na 7: in ka riga ka sa hannu

Ba a sa hannu ranar da aka yi bayani. Ka ce za ka kai takardun masauki ka karanta, lauya ya gani. In suka hana ka fita da su, ka samu amsarka. Kada katin banki ko fasfo ya bar hannunka, kuma duk alƙawarin da aka yi da baki, in ba ya cikin takarda, babu shi.

Amma a ce an ci ƙarfinka ka sa. Yawancin ƙasashe sun ba da kwanakin fasa ciniki, irin zaɓin da malamai ke kira hiyari. A Tarayyar Turai kwana 14 ne bisa dokar 2008, haka ma Ingila, kuma doka ta hana a karɓi ko kuɗin kafin alƙalami a cikin kwanakin, don haka wanda ya nemi ka ajiye wani abu a ranar ya riga ya karya doka. A Florida kwana 10 ne, California 7, Nevada 5, Meziko kwanakin aiki 5. Kwanakin sukan ƙare kana kan hanya ko kana fama da gajiyar dawowa, saboda haka a daren nan za ka buɗe kwangilar ka nemo sashen fasawa.

Rubuta gajeriyar wasiƙa: sunanka, lambar kwangila, ranar sa hannu, da jimla ɗaya cewa ka fasa kuma kana neman kuɗinka. Ba sai ka ba da dalili ba. Duk wanda ya sa hannu a kwangilar ya sa a wasiƙar. Aika ta adireshin da kwangilar ta ambata, ta hanyar da ta ambata, da rajista ko kamfanin aika saƙo mai ba da rasit. Ɗauki hoton wasiƙar da rasit ɗin da wayarka, ka tura kwafi ta imel. Kiran mai sayarwa ko tura masa saƙon WhatsApp ba fasawa ba ne, zai dai ce ka shigo gobe ku tattauna har kwanakin su cika.

Mataki na 8: bayan an dawo gida

Mai da data kan layin gida, goge eSIM ɗin da ya ƙare, duba kuɗin da ya rage maka da *310# in layin Najeriya ne, sannan ka bi bayanan katin bankinka na wata biyu ko akwai cajin da ba ka sani ba.

Lambar da ka rubuta a katin kyautar nan kuma ba ta mutu ba. Wata rana za a kira ka daga lambar waje, da muryar mai ilimi, a ce akwai attajirin da ke son sayen makonka da ninkin kuɗinsa, ko a ce lauyoyi ne masu fitar da mutane daga kwangila, abin da ya rage kawai ka tura kuɗin haraji ko na takardu. Wannan damfara ta yi girman da a 2023 ma'aikatar kuɗin Amurka ta sa takunkumi a kan wasu mutane da kamfanoni a Puerto Vallarta ta Meziko, masu alaƙa da ƙungiyar fataucin ƙwayoyi ta Jalisco, saboda ita. Dillalin gaskiya daga kuɗin ciniki yake cire la'adarsa, bayan an sayar. In kana son fita, fara da kiran masaukin kansa a lambar da ke jikin kwangilarka ka tambaya ko suna karɓar mako a mayar musu, don wasu suna karɓa in ba bashi a kanka. Wancan mai kiran kuwa, kashe wayar ka toshe lambar.